Shawarwari 15 Ga Gidan Da Ke Da Mai Numfashi Ta Wuya

Idan ciwon daji ya ci maƙogwaro har ya fi ƙarfin gashin na'ura, likitoci kan cire ɓangaren da murya ke fitowa ɗungurungum, wato daidai wurin da muke kira zakaran wuya. Aikin ya daɗe a duniya. A ranar 31 ga Disamba 1873 likita Theodor Billroth ya fara yi wa wani mai ciwon daji shi a birnin Biyena na ƙasar Ostiriya. A yau ana yin sa a sassan kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa irin na Kano, Shika, Sakkwato da Maiduguri, da kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Bayan an cire, sai a jawo bakin bututun iska a ɗinke shi da fata, a bar wata kafa a gindin wuya, saman ƙashin ƙirji. Daga ranar nan hanci da baki sun yi bankwana da huhu. Baki ya zama na ci da sha kawai. Numfashi, tari da kaki duk ta wannan kafar za su riƙa bi har ƙarshen rayuwa.

Asibiti zai yi sallama, sauran aikin ya dawo hannun mutanen gida. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa idan ta yi minti 4 zuwa 6 babu iska, kuma ba kowa ke isa asibiti cikin wannan lokaci ba. Ga abubuwan da ya kamata kowane ɗan gida ya sani.

1. Kowa ya san inda numfashin ya koma

Ranar da aka dawo da Baba ko Inna gida, a tara iyali, har da yaran da suka yi wayo da maƙwabcin da ake fara buga wa ƙofa cikin dare. Kowa ya kara tafin hannunsa kusa da kafar ya ji iska tana fita, sannan ya kara a hanci ya ji shiru. Wanda ya ji da hannunsa ba zai manta ba ranar da hankali ya tashi. Kafin a baro asibiti kuma a tambayi likita ƙarara: cire maƙogwaron aka yi duka, ko wuyan kawai aka huda aka sa bututu? A ido kamanninsu ɗaya. Amma wanda aka huda wa wuya kawai yana iya samun iska ta hanci, wanda aka cire wa kuwa ko kaɗan.

2. Ku yi wa huhu aikin da hanci ya bari

Hanci ne ke tace iska, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta kafin ta kai huhu. Yanzu tana faɗawa ciki ne yadda ta zo. Shi ya sa hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi kowane lokaci haɗari. Danshin iska a Kano ko Damagaram kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai kaki ya yi kauri, ya bushe, ya manne a bututun iska kamar ƙanzo a gindin tukunya. Galibin toshewar numfashi daga nan take farawa.

Akwai ɗan matacin roba mai soso a ciki da ake maƙalawa a bakin kafar, yana riƙe ɗumi da danshin numfashi. Ana sake shi kowace awa 24, ko da zarar kaki ya cika shi. Inda ba a samu ba, a kai wa tela yadin auduga mara kauri ya ɗinka 'yan ƙyallaye masu igiya irin na wuyan jarirai. A riƙa ɗan jiƙa su da ruwa mai tsabta, a sake idan sun bushe ko sun ɓaci. A shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin kwana, a yayyafa wa daɓe ruwa. Sirace yana taimakawa, amma na ruwa zalla, ban da ganye, ban da man zafi. A kuma nesanta kwanon, tunda babu hancin da zai rage wa tururin zafi.

3. A gyara kafar safe da yamma

A wanke hannu da sabulu, a kawo madubi da tocila. A goge bakin kafar da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. Idan kaki ya bushe, a jiƙa shi ya yi laushi kafin a ɗauke. Abin da ake ɗigawa ciki shi ne ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9, irin wanda ake ƙara wa marasa lafiya a jijiya. A zuƙi mililita 2 zuwa 3 a sirinji, a cire allurar, a ɗiga yayin da yake jan numfashi, sai tari ya taso da abin da ya maƙale. A kula, wannan daban yake da ruwan gishiri da sukari na masu gudawa. Wancan na sha ne, ba ya shiga huhu.

Auduga, tsinken goge kunne da takardar tishu kada su shiga kafar, domin ɓurɓushinsu zai bi iska ya wuce. Haka man kaɗanya, man zafi da man shafawa: mai idan ya gangara huhu ba ya fitowa, ciwo yake haddasawa. Idan likita ya ba da bututun robar da ke riƙe kafar, a riƙa cire shi ana wankewa yadda aka nuna. Idan kuma aka ga kafar tana tsukewa mako bayan mako, a koma asibiti tun ba ta kai ga hana numfashi ba.

4. A raba shi da hayaƙi da ƙura

Abubuwan da muka saba da su a gida su ne suka fi cutar da shi: hayaƙin murhu, turaren wuta, igiyar maganin sauro, fiya-fiya, hoda, hayaƙin janareta. Gidan sauro ya fi masa, ga shi yana hana ƙwari faɗawa kafar cikin dare. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da sanyi haɗari ne ga kowa, balle shi. Ranar shara, daka barkono, sussuka ko shiƙa, ya koma gefen da iska ba ta kaɗowa. Idan zai hau babur, takunkumi a wuya za a ɗaura shi. Wurin aski a rufe kafar kafin wanzami ya fara. Taba kuwa, wadda ita da giya ne kan gaba wajen jawo wannan ciwo, kada a sake kunna ta a gidan.

5. A yi hattara da ruwa

Da can maƙogwaro ne ke rufewa idan ruwa ya nufi huhu. Yanzu babu murfi. Wanka daga kafaɗa zuwa ƙasa za a riƙa zuba ruwa da kofi. Kai kuma a wanke shi daban, a sunkuye sosai yadda ruwan zai zuba ƙasa ta goshi, an tare kafar da busasshen tawul ba tare da an toshe ta ba. Wajen alwala ya sunkuya ya wanke fuska da ruwa kaɗan. Ba zai iya shaƙa ruwa ya fyace ba, tunda iska ba ta bin hancinsa. A je wa malami da wannan da batun wankan ibada, addini ya yi wa mara lafiya sauƙi. Iyo ya ƙare. Kwale-kwale ma a ƙaurace masa iyakar iyawa, domin rigar da ke ɗaga kan mutum sama da ruwa tana iya barin gindin wuyansa a ciki. Da damina kada laima ta bar hannunsa.

6. Ku ara masa hanci

Tunda iska ba ta ratsa hanci, jin ƙamshi da wari ya ragu ƙwarai, ɗanɗano ma ya bi shi. Ba zai ji tukunyar gas tana yoyo ba, ko ƙaurin wayar lantarki, ko miyar da ta kwana ta lalace. Wani ya riƙa shinshina masa abinci, kuma kada a bar shi shi kaɗai da girki a kan gas. Akwai dabarar da ake koyarwa: mutum ya yi kamar hamma leɓensa a rufe, ya sauke muƙamuƙi da harshe, sai 'yar iska ta shiga hanci. Da yawan gwaji, wasu kan dawo da jin ƙamshi.

7. A haɗa jakar gaggawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. A samu ƙaramar jaka a zuba ruwan gishirin asibiti, sirinji biyu marasa allura, hantsaki mai dakusasshen baki, tocila da batir, madubi, ƙyallaye, bututun ajiya, takardun asibiti da kuɗin mota. A nemi ƙaramin abin rufe fuskar jarirai da ake ba su iska da shi, domin shi ne ke zama daidai a kan kafar. Idan da hali a sayi na'urar zuƙe kaki, a zaɓi mai batir ko wadda ake matsawa da hannu ko ƙafa, tunda wuta ba ta da tabbas. Jakar ta zauna wuri ɗaya da kowa ya sani, ta kuma bi shi duk inda za shi. A rubuta a bango lambar masu mota ko adaidaita sahu biyu na unguwa da za su tashi ko ƙarfe nawa ne. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, amma a kira ta ana kuma neman motar.

8. A shirya yadda zai yi kira

Mutum ne da ba zai iya ihu ba, ba zai iya busa usur ba. A ajiye ƙararrawa, ko kwanon sha da cokali, a gefen gado da kuma banɗaki. A yi yarjejeniya: bugu ɗaya yana nufin a zo, bugu ba ƙaƙƙautawa yana nufin numfashi. Kada ya sa sakata idan ya shiga wanka. A naɗa masa murya a waya mai faɗin sunansa, unguwarsa da halin da yake ciki, yadda zai tura da danna ɗaya. Don zancen yau da kullum a ba shi littafi da biro. Dattijon da bai yi boko ba sau da yawa yana rubuta ajami, sai a haɗa shi da wanda ke karantawa. Wanda ba ya rubutu a zana masa hotuna ya riƙa nunawa. A watannin farko kada ya kwana shi kaɗai.

9. Ku san alamun toshewa

Bakinsa ba zai faɗa ba, idonku ne zai gani. Kafar ta fara fito ko gurnani. Gindin wuya da tsakanin haƙarƙari suna lotsawa idan ya ja iska. Gumi ya karyo, ya kasa kwanciya, yana nuna wuya a firgice. Yana tari babu abin da ke fita. Cikin leɓe, harshe da farce sun koma toka-toka ko shuɗi. Idan ya fara ruɗewa ko wani barci mai nauyi yana fizgarsa, abin ya yi nisa.

Zazzaɓi, kaki mai wari ko kore, kumburin wuya, ko a ga miyau ko abinci yana fitowa ta wurin ɗinki, duk na zuwa asibiti ne a ranar. Ɗan zaren jini a kaki da hunturu yawanci bushewa ce, a ƙara danshi a kuma gaya wa likita. Jan jini mai zuba kuwa ba a jira: a zaunar da shi ya karkata gaba don kada jinin ya koma huhu, a tafi.

10. Idan numfashi ya toshe

Mutum ɗaya ya tsaya a kansa, ɗaya ya fita neman mota, sauran su ba da wuri. A zaunar da shi. A yaye duk abin da ke wuya: rawani, gyale, hijabi, ƙyalle, mataci. A haska tocila a share kakin da ke bakin kafar. Idan da bututun roba a ciki a zare shi, don sau da yawa a cikinsa toshewar take. Kada a ji tsoro, kafar wanda aka cire wa maƙogwaro ɗinkakkiya ce, ba za ta rufe nan take ba. A ɗiga ruwan gishiri, ya karkata gaba ya yi tari da ƙarfi, a maimaita sau biyu ko uku. Idan da na'urar zuƙa, kada zuƙa ɗaya ta wuce daƙiƙa 10, a bar shi ya numfasa kafin a sake. Ɓawon da ido ke gani a bakin kafar a ɗauke shi da hantsaki. Wanda ke can ciki a bar wa likita, kada garin neman gira a rasa ido. Idan an hango wata 'yar roba zagayayya a bangon baya, ta magana ce, kada a ja ta. Zura yatsa a baki kuwa ɓata lokaci ne, hanyar ba nan take ba. Ko numfashi ya dawo, muddin bai koma yadda ya saba ba, a wuce asibiti.

11. Idan ya suma, ban da ruwa

Al'adarmu ce idan mutum ya faɗi a sheƙa masa ruwa a fuska, a ɗura masa wani a baki, wasu har su turara masa hayaƙi. A kan wannan bawan Allah, ruwan da aka watsa a fuska gangarawa zai yi ya faɗa huhu, taimako ya koma kisa. A gaya wa duk wanda ya rugo da buta ya tsaya.

A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a tura naɗaɗɗen zane ƙarƙashin kafaɗunsa don wuya ya buɗe. A share kafar. A kara kunci kusa da ita, ana kallon ƙirji, na daƙiƙa 10. Idan ba ya numfashi, a ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya bisa ɗaya, a danna da ƙarfi zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Bayan kowace danna 30 a hura iska sau 2 a kafar wuya, da abin fuskar jarirai ko da baki a kan ƙyalle mai tsabta, har a ga ƙirji ya taso. Hurawa a baki ciki kawai za ta cika. Wanda ba zai iya hurawa ba ya ci gaba da dannawa, a riƙa karɓar juna har a isa hannun ma'aikata. Mutum biyu aƙalla a gidan su roƙi ma'aikatan jinya su gwada musu wannan a aikace kafin sallama.

12. A asibiti ku zama bakinsa

Ƙaramin asibiti yana iya shekara bai ga irin wannan mara lafiya ba, kuma hannun ma'aikaci ya saba kai abin iska fuska. Ku faɗa tun daga ƙofa, cikin ladabi amma da babbar murya: "Malama, ta wuya yake numfashi, a sa masa iskar a wuya." Idan ana shakka, a sa a wuya da fuska duka har a tabbatar. Maganin da ake turarawa don buɗe ƙirji shi ma a wuya ne. A yi masa kati ya rataya ko ya sa a aljihun gaba: "An cire mini maƙogwaro. Ta wuya kaɗai nake numfashi." Likita ya rubuta haka a baya da Turanci, ko da Faransanci ga mutanen Nijar. Kafin kowace irin tiyata a sanar da mai ba da maganin barci.

13. Ci da sha

Ga wani sauƙi: tunda an raba hanyoyin biyu, loma ba ta faɗawa huhu. Idan ta maƙale za ta dame shi, amma ba za ta hana shi numfashi ba, don haka a natsu. A fara da kunu, koko da fura, a wuce zuwa tuwo mai laushi da miya mai yauƙi irin kuka da kuɓewa. Ƙananan loma, tauna sosai, ruwa a kusa. Kada ya kwanta sai bayan awa 2 zuwa 3 da cin abinci, saboda ƙwarnafi. Yunƙuri ya yi masa wuya tunda ba ya iya riƙe numfashi, sai a yawaita ganye da 'ya'yan itace don kada bayan gida ya yi tauri, a kuma ɗauke masa kaya masu nauyi. Ƙishirwa tana kaurara kaki, saboda haka batun azumi a ji ta bakin likita da malami. Idan haɗiya tana ƙara wuya, ko yana fama da kasala, jin sanyi da ƙiba ba dalili, a koma asibiti. Aikin da gashin na'ura kan raunana ƙululun wuyan nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo, kuma gwajin jini ne ke nunawa.

14. Magana tana iya dawowa

Hanyoyi uku ne. Akwai koyon tura iska cikin maƙoshi a fito da ita kamar gyatsa a mayar da ita kalma. Ba ta cin ko kwabo, sai dai haƙurin watanni. Akwai na'ura mai batir da ake karawa a wuya ko kunci. Akwai kuma 'yar robar da likita ke dasawa tsakanin bututun iska da hanyar abinci, dabarar da Mark Singer da Eric Blom suka fito da ita a Amurka a 1980. Mutum ya toshe kafar da yatsa, murya ta fito. Mai wannan roba idan ya fara tari duk lokacin da ya sha ruwa, ta fara yoyo ke nan, tana son canji. Idan ta fice a tafi asibiti nan take, domin hujinta kan rufe cikin awoyi. Idan ba a gan ta ba a faɗa wa likita, tana iya kasancewa ta faɗa ciki.

15. Kada ku mayar da shi ɗan ɗaka

Wanda jiya shi ke raba gardama a majalisa, yau sai ya nemi biro kafin ya ce a ba shi ruwa. Wannan ya fi ciwon ci masa rai. Ku dube shi idan yana magana, ku jira ya ƙarasa, kada ku ƙarasa masa. Ba kurma ba ne, babu dalilin ɗaga masa murya, kuma kada a yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan. A ci gaba da shawara da shi a kan harkar gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya je masallaci, ya je kasuwa, ta je biki da suna. Kaftani mai sakakken wuya ko gyale mara kauri ya wadatar. Ciwon ba a ɗaukarsa, babu dalilin ware masa kwano. Idan ya daina ci, ya daina fita, yana yawan hawaye, a gaya wa likita. Ranakun komawa asibiti kuma kada a tsallake ko ɗaya, musamman a shekaru biyun farko da ciwon ya fi yiwuwar dawowa.

Ga sauran 'yan gida kuma: duk wanda muryarsa ta dishe ta wuce mako uku, balle mai shan taba, ya je sashen kunne, hanci da maƙogwaro a leƙa masa. Ciwon da aka kama da wuri sau da yawa ana maganinsa ba tare da an cire komai ba. Wanda aka riga aka yi wa aikin kuwa yana iya shekaru masu yawa cikin iyalinsa, da yardar Allah, muddin na kusa da shi sun san abin yi. Yau ɗin nan a zaunar da yaran gida a maimaita musu har su haddace: idan Baba ya faɗi, a buɗe wuya, kada a zuba ruwa.